Katifar da Yaya ya ƙi mutuwa ya bari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayana ya rasu, wanda nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. Mun kai shi makwancinsa bayan azahar, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida.

Jama'a sun zo. An zo daga Ɗanbatta, an zo daga Shanono, har daga Kano mota ta zo. Kowa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" in ce, "Da godiya." Amma ina da kunne. In sun koma gefe sai su sassauta murya.

Wani ya ce, "Allah ya jiƙan Malam, mutum ne mai kyauta." Na kusa da shi ya ce, "Mai kyauta ne, kuma mai karɓewa." Aka rufe baki da hannun riga. Mai shayin bakin titi ya ce shi har yau bai huce da murfin randarsa ba. Da ya ga ina kallonsa sai ya ce ya yafe duniya da lahira. A cikin gida kuwa, an gaya mini wata tsohuwa tana kuka tana cewa ciwo ne ya taɓa masa kai a ƙarshe, in ba haka ba mutumin da ko gyaɗa yake ci sai ya miƙo maka, yaya za a yi ya bi gida-gida yana cewa a ba shi abinsa?

Kansa ƙalau yake. Ya fi nawa. Ni ba mai son magana ba ne, amma ba zan bar jikoki su taso su tarar da rabin labari ba.

Muna samari muka tafi Kano neman aiki. Shi ya fara tafiya, ya dawo ya ja ni. Kamfanin kwanon rufi ne, irin kwanon simintin nan mai kauri, da silin. Ana kawo wata irin auduga a buhuna daga ƙasashen waje, fara-fara, mai laushi, a zuba a inji a kwaɓa da siminti. Mu audugar kamfani muke ce mata. Aikin Yaya farke buhu da zazzagewa. In ya fito da yamma, gira fari, gemu fari, sai ka rantse kakanmu ne ya dawo. Ba takunkumi, ba komai. Madarar gwangwani suke ba mu, wai tana wanke ƙirji. Yaya ba ya sha. Tarawa yake ya kawo wa yaran gida.

Ni ban daɗe ba. Helumanmu, wato shugaban leburori, ya zagi uwata, na mare shi, aka kore ni. Yaya ya yi shekaru yana yi mini gori a kan wannan mari. Shi kuwa ya zauna har kamfanin ya rufe.

Halinsa guda ne: ba ya iya dawowa gida hannu rabbana. Abin da kamfani ya zubar, shi yake kwashewa. Kwanon da ya fashe, buhun da aka zazzage, audugar da aka share daga ƙasa. Ya ɗora wa motar Ɗanbatta, ya yi ta faɗa da kwandasta, ya kawo ya rabar. Garin nan babu gidan da babu abin Yaya. Akurkin kaji, murfin randa, murfin masai, ƙofar rumbu. Buhunan aka zuba gyaɗa da gero. Audugar aka ɗura matasan kai. In zai ba ka sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Wuta ba ta ci, gara ba ta ci, ɓera ba ya ci." Maganar ta zauna masa a baki, har in ya ba ka goro sai ya faɗa. Ya taɓa ƙyasta wa audugar ashana a gaban Mai unguwa don a gani da ido. Aka yi ta kabbara.

Babbar kyautarsa ita ce katifar 'yar Gwaggo. 'Yar ƙanwar babanmu ce, wato taubashiyarmu. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Shi ya ce mata Baiwata, ita ta ce masa Kan Tulu. Lokacin da za ta yi aure mahaifinta ya riga ya rasu, babu mai yi mata kayan ɗaki. Yaya ya sa tela ya ɗinka rigar katifa, ya ɗura ta da audugar kamfani zalla, ya ɗauko ta a ka tun daga bakin titi. Da ta ɗaga gefe ɗaya ta ji nauyi sai ta ce, "Kan Tulu, katifa ce wannan ko dutsen niƙa?" A kanta ta tsufa. In rigar ta yage ta sake wata. In rana ta yi kyau ta fitar da ita tsakar gida ta jibge ta da sanda, ƙura na tashi. Da mijinta ya rasu, jikokinta suka dawo ɗakinta, a kan katifar suke kwana, a kanta suke tsalle.

Ciwon Yaya da haki ya fara. Mutumin da yake huɗa tun safe har rana ta take, ya zama in zai je masallaci sai ya zauna a hanya. Sai ciwo a gefen ƙirji. An yi jiƙe-jiƙe, an yi kemis, an sha maganin tarin fuka wata da watanni, babu sauƙi. Aka tura mu babban asibiti a Kano. Suka ɗauki hoto, suka ce ruwa ya taru a ƙirji. Suka soka roba ta haƙarƙari suka zuƙe. Yaya ya leƙa ya ga abin da ya fito ya ce, "Duk wannan a jikina, rijiyarmu kuwa ta ƙafe?" Suka ciri 'yar tsoka suka kai awo.

Ranar da sakamako ya fito, babban ɗan Yaya ya ja likita gefe. Ya ce kada a gaya wa Baba, a ce masa sanyi ne. Haka ake yi a wajenmu, ba mugunta ba ce. Likita ya ce jikin mai jiki ne, haƙƙinsa ne ya sani in yana so, kuma shi za a tambaya. Ya dawo ya zauna bakin gado.

"Baba, in gaya maka abin da muka gani, ko in gaya wa 'ya'yanka?"

Yaya ya ce, "Su aka soka wa roba?"

Sai likita ya faɗa masa. Ciwon daji ne, a 'yar fatar da ta lulluɓe huhu. Ya tambaye shi sana'arsa. Ya ce noma. Ya ce kafin noma fa? Da Yaya ya ambaci kamfani da farke buhu, likita ya gyaɗa kai. Ya ce audugar nan sunanta asbestos, daga dutse ake haƙo ta. Zarenta ya fi gashi siranta, in ya shiga huhu ba ya fita, sai ya kwanta shekara talatin ko arba'in kafin ya tashi. Ya ce inda ciwon ya kai ba a warkewa. Akwai ƙarin ruwa mai ƙarfi da zai iya ja masa lokaci, akwai maganin rage zafi, akwai zuƙe ruwan in ya sake taruwa. Zaɓi nasa ne. Ya juyo ya tambaye ni ko ni ma na yi aikin. Na ce na yi kaɗan, na mari heluma aka kore ni. Ya ce marin nan ya yi mini rana. Na kalli Yaya. Ya kau da kai.

Bai tambayi kwanakin da suka rage masa ba. Ya ce, "Wanda bai yi aikin ba, amma yana kwana a kan audugar fa?"

Likita ya ajiye biro. "Wa yake kwana a kanta?"

"Gari guda."

Sai likita ya ce kwanon da ke kan rufi lafiyayye a bar shi inda yake, kada a fasa, kada a yanka, kada a kankare. Amma fasasshe mai marmashewa, da buhu, da audugar kanta, waɗannan a jiƙa su sharkaf, a rufe hanci da baki, a naɗe a leda mai kauri, a binne da zurfi, nesa da rijiya, nesa da gona. Ya ce ba duk wanda ya taɓa ba ne zai kamu. Amma yara suna da shekaru da yawa a gaba, ciwon nan kuwa ya iya jira.

A mota muna dawowa, mun wuce rabin hanya, Yaya ya juyo gare ni. Ya ce, "Wuta ba ta ci ta ba, gara ba ta ci ta ba. Ashe ita ce mai cin."

Ya yi ƙarin ruwan. Ya kwantar da shi, ko kunu ba ya zama a cikinsa. Da lokacin na gaba ya yi ya ce a bar shi haka, yana da aiki. Likita bai yi masa faɗa ba. Ya rubuta masa maganin ciwo, ya ce duk sanda numfashi ya matse a dawo a zuƙe.

Aikin shi ne wanda ake gulmarsa a wajen makoki. Na ɗaura wa jakina amalanke. Muka ɗora durom ɗin ruwa, da leda, da igiya. Ni da takunkumi a gaba, shi da takunkumi a baya, zaune a kan buhun ƙaiƙayi kamar hakimi. Mu tsaya ƙofar gida, ya yi sallama, in maigida ya fito ya ce, "Na zo karɓar abina."

Kowa ya san abin kunya ne mutum ya koma kan kyautarsa. Yara suna bin amalanke suna cewa maruru zai fito masa a mazaunai. Yaya ya ce, "Ya zo ya bi layi." Manya kuwa ba su yi dariya ba. Wasu suka ce ya ji labarin kayan sun yi tsada ne zai sayar. Wasu suka ce asiri zai yi da su. Aka kai ƙara wurin Liman.

Liman ya kira shi bayan la'asar. "Malam, ka san komawa kan kyauta abin ƙi ne."

"Na sani, Liman. In na ba ka fura, daga baya na gano ɓera ya mutu a ƙwaryar, in bar ka ka shanye don kada a ce na koma?"

Liman ya shafa gemu. Ya tashi ya shiga gida. Ya fito rungume da matasan kai, ya miƙo mini daga nesa kamar mai miƙa kunama. Ya ce, "Amma ka kawo mini wasu. Wuyana ya saba."

Daga nan Yaya ya sayar da bijiminsa. Duk wanda aka karɓi nasa sai a ba shi madadi: matashin audugar rimi, ko fallen kwanon ƙarfe, ko buhu sabo. Sai labari ya juya. Mutanen da suka rantse Yaya bai taɓa ba su komai ba suka tuna ya ba su. Wani maƙwabcinmu ya kinkimo wata tsohuwar katifa, duk fitsarin yara, ya ce ta kamfani ce. Yaya ya zaro ɗan abin cikinta, ya ƙyasta ashana. Ya kama ɓal. Ya ce, "Tawa ba ta ci. Ɗauki abarka."

Kafin a gama roron gyaɗa mun share gari. Muka haƙa rami a wani fako can bayan gari, inda ko ciyawa ba ta fita, muka binne. Saura abu ɗaya, kuma ya fi duk sauran yawan auduga.

Ran da muka je gidan 'yar Gwaggo da sabuwar katifar soso, a tsakar gida muka same ta tana tankaɗe.

"Baiwata, na zo karɓar katifata."

"Katifarka? Ka taɓa kwana a kanta?"

"Ga sabuwa daga Kano. Taɓa ki ji."

"Kai wa matarka. Ni tun ina amarya nake kwana a kan wannan, ko mura ba na yi. Kai da ba ka kwana a kanta ba, ga ka nan kamar karan dawa."

"Yaran fa?"

"Yarana sun fi naka ƙiba."

Ya yi mata bayanin likita daga farko har ƙarshe, yana yi yana hutawa. Ta saurara tsaf. Da ya gama ta ce a gaishe da likita. An tura mata Liman, an tura Mai unguwa, ɗanta ma ya durƙusa ya roƙe ta. Ta shiga ɗaki ta zauna a kan katifar da muciya a hannu. Ba wanda ya matsa kusa.

Ana cikin haka wata lauya ta zo daga Kano. Likita ne ya haɗa mu da ita. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar autar Yaya ba, amma ta cire takalmi ta zauna a tabarma ta gaishe shi yadda ake gaida uba. Ta ce doka ta ba wanda aiki ya jawo wa cuta haƙƙin a biya masa magani, a biya shi diyya, in ya rasu kuma haƙƙin ya koma kan iyalinsa. Ta ce irin wannan magana tana da wa'adi, ba a jinkiri, kuma a adana duk sakamakon asibiti.

Yaya ya ce shi ba zai kai ƙarar wanda ya ci da shi ba. "Da albashinsu na yi aure, da shi na gina ɗakin nan. Ajali kuma na Allah ne."

Ta ce, "Ajali na Allah ne, Baba. Takunkumi kuwa na kamfani ne, kuma ba su bayar ba."

Ya ce, "Sun sani?"

Ta ce a ƙasashen da ake kawo audugar an daɗe da sanin tana kisa.

Yaya ya kalle ni. "Shi ya sa manaja ba ya shigowa ɗakin zazzage. Ta taga yake ba da umarni. Mu muka ce girman kai ne."

Sai ya ce ta kunna wayarta ta naɗi maganarsa. Ya yi magana tun hantsi har aka kira azahar, yana tari yana ci gaba. Buhuna, ƙura, madara, waɗanda suka yi aikin tare, da irin tarin da kowannensu ya mutu da shi. Ita ma ba ta yi masa daɗin baki ba. Ta ce kamfanin ya rufe, an sayar, masu shi sun watse, shari'ar za ta iya daɗewa, ba ta yi alkawarin zai ga ƙarshenta ba. Ya ce ba don kansa ya yi ba. Ya nuna matarsa da ta yi shekaru tana kakkaɓe kayan aikinsa kafin ta wanke. Ya nuna ni. "Wannan shi ne shaidarki. Ba ya magana, amma ba ya ƙarya. A auna su duka." An auna mu. Matarsa ba a ga komai ba. Ni an ga tabo a ƙirji, ba daji ba ne, ina zuwa ana dubawa.

Da lauya ta miƙe za ta tafi ya ce, "'Yata, saura babbar shari'ar. Doka za ta iya ƙwato mini katifa?"

Ta ji labarin, ta danne dariya. Ta ce abin da ka bayar ya zama na mai shi, kotu ba za ta ƙwato maka ba. Sai dai a sanar da duba-gari, su suna da ikon shiga gida in akwai abin cutarwa.

"In kai wa 'yar Gwaggo duba-gari? Gara in mutu."

Na ce, "Ai hanyar kake."

Ya yi dariya har sai da muka tallabe shi.

Bayan nan jiki ya ƙi. Ƙafa ta kumbura, ba ya iya zuwa masallaci. An sake zuƙe ruwa, ya sake taruwa. Wata safiya ya ce in ɗaura jaki. Na ce ina zuwa? Ya ce gidan Baiwarsa. Ya ce in ɗora katifar soson, in ɗauki leda da buta.

Muka tsaya a zaurenta. Ya aika a gaya mata ya gaji da kunun matarsa, ya zo jinya gidan 'yar'uwa. Ta fito ta gan shi. Ta daɗe rabonta da shi. Na ga fuskarta ta canza, amma ta ce, "Kan Tulu, har yanzu ba ka tafi ba?" Ta sa aka shimfiɗa masa tabarma. Ya kwanta, ya fara nishi, wai tabarma tana cin haƙarƙarinsa. Na ce ga ta soso a amalanke. Ya ce soso yana sa shi zufa. Ya ce shi dai a kai shi ɗakinta ya ɗan miƙe.

"Ɗakina? Ƙato da kai? Me gari zai ce?"

Ba za ta shigar da shi ɗaki ba, ba kuma za ta bar baƙo mara lafiya a tabarma ba alhali tana da katifar da take taƙama da ita. Da bakinta ta ce a fito da ita zaure. Na shiga na yayyafa mata ruwa, na lulluɓe da leda, na ce don kada ya ɓata mata. Muka fito da ita ni da ɗanta. Yaya ya hau, ya gyara kwanciya, ya lumshe ido.

"Madalla. Nan zan mutu."

"Tashi ka tafi gidanka ka mutu!"

"Ai na zo ke nan."

Haka ya tare. Masu dubiya suka koma gidan 'yar Gwaggo. Matarsa tana kawo abinci, 'yar Gwaggo tana mayarwa, wai ba a kawo wa baƙonta tuwo daga waje. Ita take dama masa kunu, tana damawa tana zaginsa, ana jiyowa daga katanga. Jikoki kuwa, da yake ɗaki ba shimfiɗa, aka shigar musu da ta soso. Kwana ɗaya suka yi a kai suka ce su ba sa son tsohuwar. Ta ce musu maciya amana, jinin Kan Tulu.

Ni nake ba shi magani, don haka ina nan ranar da suka yi maganar. Da yamma ne. Tana zaune a bakin ƙofar zaure ta ciki tana ɓarar gyaɗa, ba ta kallonsa.

Ta ce, "Ranar da ka kawo ta, matan dangin miji sun taru za su ga ɗaki. Babu komai a ciki sai tabarma da ƙwarya. Na ji suna ƙus-ƙus. Sai ga ka da ita a ka, zufa har gwiwa. Babu wadda ta sake tari." Ta jefa ɓawo. "In na mayar maka, na yarda ke nan cutata ka yi. Ba ka cuce ni ba."

Yaya ya daɗe yana neman numfashi. Ya ce, "A lokacin ban cuce ki ba, ban sani ba. Yanzu na sani. In na tafi na bar yaran nan a kanta, daga yau ne na cuce ki."

Ta ci gaba da ɓara. Ta ce, "Ba zan mayar ba."

Ta tashi ta yafa mayafi ta fita. Na ce shi ke nan. Jim kaɗan sai ga ta da Liman da Mai unguwa, ta tsayar da su a zaure.

"Katifar nan ta wace ce?"

Suka ce, "Taki ce, Hajiya."

"To ku shaida. Ban mayar wa kowa komai ba. Abata ce, na ga matsiyaci ba shi da wurin kwana, na ba shi kyauta. Ni kuma ba na bin gida-gida."

Yaya ya ce, "Na gode, Baiwata. Allah ya 'yanta ki."

Washegari da safe muka sauke shi, muka jiƙa katifar, muka naɗe ta a baƙar leda, muka ɗaure da igiya sama da ƙasa da tsakiya. Jaki ba zai iya jan ta tare da Yaya ba, shi kuma ya ce sai ya gani da idonsa. Sai maza suka ɗauke ta a kafaɗa, shi muka kwantar da shi a amalanke, aka lulluɓe shi da bargo har ka don sanyi. Ba mu yi tunanin yadda abin zai zama a idon mutane ba. Gari ya san Yaya yana kwance a zauren nan rai a hannun Allah. Ga maza sun fito da dogon abu a naɗe, a kafaɗa, sun nufi bayan gari. Wata mata ta hango ta rafka salati. Kafin mu wuce masallaci jama'a sun biyo mu. Na ce musu katifa ce. Ba wanda ya ji, kowa na hailala.

Akwai wani dattijo da suka yi shekara da shekaru suna rigimar iyakar gona da Yaya, har gaban Dagaci. Ya zo ya jera da amalanke, yana share hawaye, ya dafa kafaɗata.

"Sai haƙuri. Mun yi rashin mutumin kirki. Wallahi ko iyakar nan, tsakani da Allah, tasa ce. Tsamiyar a gonarsa take."

Bargo ya motsa. Yaya ya fito da kai. "Kun dai ji ko? Liman, ka ji?"

Dattijon ya bar takalmi ɗaya a wurin. Har yau bai zo ya ɗauka ba.

Da aka gane, rabi suka koma suna zagi, rabi suka bi mu don a ƙarasa da su. Aka zura katifar a rami. Yaya ya sa na ɗaga shi zaune. Aka mayar da ƙasa, ya ce a ƙara. Aka ƙara, ya ce a daddanna. Aka ɗora duwatsu da ƙaya. Ya kalli wurin ya kalla, sannan ya ce, "To. Kai ni gida."

Bai daɗe ba bayan nan. Maganin likita ya riƙe masa ciwon, bai yi ihu ba. Da hantsi ya cika, a ɗakinsa, da kalmar shahada, matarsa na gefe, ni ina riƙe da kansa.

Da aka je gaya wa 'yar Gwaggo ta ce, "Ku duba da kyau, maƙaryaci ne." Ta zo da ƙafarta. Ta tsaya bakin ƙofa ta leƙa. Ta daɗe tana jira ya ce mata wani abu. Sannan ta zauna a ƙasa.

Shari'a tana nan. In lauya ta kira, ina shiga motar Ɗanbatta in je in faɗi abin da na gani. 'Yar Gwaggo ta ƙi hawa katifar soso, wai ba ta riƙe baya, a tabarma take kwana. Jikokinta suna kan soso, suna tsalle, ba abin da ke tashi.

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ciwon nan ya zame masa kankarar zunubi, ya haskaka kabarinsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani. Wanda kuma har yanzu yake ɓoye da abin Yaya a gidansa, na san akwai, kada ya kakkaɓe, kada ya fasa. Ya zuba masa ruwa, ya aiko a kira ni. Ba zan yi masa magana ba.